Mutum 23 da na gudu na bari da bashi

Akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal, da nake ajiyewa cikin akwatin ƙarfe a garejina. Yaran da ke koyon aiki wurina sun san ba a taɓa shi. Sunayen mutum 23 ne a ciki, kowa da abin da yake bi na, kuma shekara 13 na yi ina jan layi a kan sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗana ne ya matsa mini in ba da labarin, shi ne ma yake rubutawa a salularsa ina faɗa masa. Na ce masa kada ya sa sunan kowa, don da yawa cikinsu suna raye, waɗanda suka rigaye mu kuma 'ya'yansu na nan.

Ni haifaffen Bagalam ne, nan cikin Maraɗi. An haife ni a 1973, shekarar fari. Babana ɗan dako ne. Lokacin da gyaɗa ke sarauta a ƙasar nan, shi da abokansa ke loda buhuna a motocin Sonara, kamfanin sayen gyaɗa, kuma in kaka ta yi har ragon layya yake saya da kuɗin wuyansa. Fari ya zo, cuta ta bi gyaɗa a 1975, harkar ta kwanta. Ni ban ga zamanin daɗin ba, labarinsa kawai na ji. Abin da na gani da idona shi ne El Buhari, yunwar 1984. Ruwa bai yi ba, Najeriya kuma ta rufe iyaka a watan Afrilun shekarar ta canza kuɗinta, hanyar da talaka ke bi ya samo garin rogo ta toshe. Na tuna Inna tana jiƙa anza kwana da kwanaki tana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, mu kuwa muna zaune muna kallon tukunyar. Da damina ta gaba tari ya kama babana, bai tashi ba.

Ina aji biyar na bar lakwal. Mushenmu, wato malaminmu, ya zo har gida ya roƙi Inna, ta ce masa ta ji, amma wa zai ciyar da ƙannena huɗu? Na ɗauki sanda da garwa biyu na shiga garuwa. Kafaɗata ta dama har yau ta fi ta hagu sauka.

Shekara biyu ina wannan, sai wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa ya aiko a kira ni. Bai tambaye ni ko na iya lissafi ba. Cewa ya yi: "Ubanka ya yi mini dako shekara goma, ko ƙyalle bai taɓa ɓatar mini ba. Gobe ka zo da safe." Da sunan mamaci na shiga kasuwa, ban kawo komai nawa ba.

Wanda bai san kasuwancin Maraɗi ba zai yi mamakin yadda ake yin sa. Kaya su taso daga tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, su sauka a sito a nan, su tsallaka Katsina da Kano, miliyoyi na yawo, amma takarda ba ta cika shiga tsakani ba. Magana ce. Ubangida ya ba baransa kaya, bara ya sayar ya kawo, in ya daɗe yana kawowa wata rana a sallame shi da jari. Na ga ranar da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 cikin dare guda. Kasuwa ta rikice, wasu suka rufe shaguna suna jiran su ga inda farashi zai tsaya. Akwai wasu 'yan Katsina da suka yi ciniki da Alhaji kwana biyu kafin nan, ba su biya ba, ba su ɗauki kayan ba. Da suka zo, a tsohon farashi ya ba su. Na yi ta ƙunƙuni a bayan shago ina cewa tsohon nan ya fara rikicewa. Ya ji ni, bai ce mini komai ba.

A 1997 ya sallame ni da jika 500, wato sefa dubu 500. Na shiga sayen wake da aya. Da kaka in bi kasuwannin Gazawa da Mayahi da Tasawa ina auna tiya-tiya, in tara, in jira farashi ya tashi, in kai Dawanau a Kano. Sana'a ce mai albarka amma tana son haƙuri, ga ƙwari, don lokacin ba a kawo buhun nan mai leda biyu a ciki ba, kana barci wake na zama gari. Duk da haka na samu. Na yi aure a 1998, na gina ɗaki biyu a unguwar Zariya, aka haifa mini namiji, daga baya mace.

Abin da ya ɓatar da ni ruwa-ruwa ne, man fetur da ake shigowa da shi ta bayan fage daga Najeriya. Lokacin ba mu da matatar mai, sai 2011 aka buɗe ta Damagaram, can kuwa gwamnati na tallafa wa mai, yana da araha. Tsakanin Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi tafiyar ba ta da nisa. Na ga yaran da na girma suna hawa sabbin babura, ribar da nake jira wata shida su a mako suke samun ta. Na fara da jarka goma. Cikin shekara ɗaya ina hayar tsohuwar fijo da aka cire wa kujerun baya, tana bin daji da dare ba fitila.

Da mutane suka ga ina samu, sai suka fara kawo mini kuɗinsu in juya musu. Ban roƙi kowa ba da farko, wannan gaskiya ne, amma ban hana kowa ba. Wata gwauruwa maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta kawo kuɗin da take tara wa 'yarta na kayan ɗaki. Wani tsoho mai shayi a tasha ya kawo jika 85 a ɗaure cikin leda. Matan asusun su Inna, irin ƙungiyoyin nan na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suka ba ni abin da ke cikin akwatinsu saboda ni ɗan Inna ne. Sai na je wurin Alhaji. Ya riga ya gargaɗe ni cewa wuta da auduga ba su kwana ɗaki ɗaya, don haka na san in na ce mai zan saya ba zai ba ni ba. Na ce masa aya zan tara. Ya ƙirgo miliyan ɗaya da rabi ya ba ni, ko shaida bai kira ba. A duk abin da na yi, wannan ƙaryar ce ta fi ci mini rai, har ta fi wutar.

Watan Disamban 2004 ne, hunturu na kaɗawa. Mota biyu suka sauke mini kaya a wani kango da nake haya, jarkoki har kusa da rufi. Ina sauri a juye man cikin ganguna kafin gari ya waye, don na ji an ce 'yan duwan, wato kwastan, na zagaye. Ba lantarki a kangon. Na ce wa autanmu, yaro ɗan shekara 19, ya kunna fitilar ƙwai ya aje can nesa ya ci gaba da juyewa, ni zan je in sallami direba. Ya ce: "Yaya, warin ya yi yawa, mu bari sai da safe." Na daka masa tsawa. Ban kai bakin titi ba na ji ƙara a bayana, na waiwaya na ga sama ta yi ja.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya fito da kansa, riga na ci, mutane suka birgima shi cikin yashi. Hannunsa na dama da gefen wuyansa suka ƙone, yatsu uku suka manne. Kangon ya ƙone ƙurmus, ya haɗa da ɗakin maƙwabci. Wata biyu muna gidan likita, na sayar da babur da sauran waken da ke hannuna na biya magani. Da na zauna na yi lissafi, ana bi na miliyan 4 da jika 300.

Da farko mutane jaje suke zuwa yi. Daga baya gaisuwar ta fara tsawo, mutum ya gama jaje ya ƙi tashi. Na daina zuwa masallacin unguwa. In na hango mai ƙosai sai in sake hanya. Alhaji kuwa bai aiko ba, bai zo ba, shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Bayan Sallar Layya da 'yan makonni, da asuba, na ce wa maiɗakina zan je Tasawa in dawo. Na sa ƙafa na fita da riga biyu a leda. Ban yi wa Inna sallama ba, don na san in ta dube ni ba zan iya tafiya ba.

Damagaram, Agadas, Dirku, sai Sabha a kudancin Libiya. Ba zan daɗe kan hamada ba, duk wanda ya hau saman babbar motar nan ya san ta, wanda bai hau ba kuma faɗa ba za ta isar masa ba. Na yi leburan gini, na yi gadi, daga ƙarshe na samu aiki a wata gona da ake ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse. A can na haɗu da wani Bamisire mai gyaran injuna. Mutum ne mai faɗa, amma hannunsa na da albarka. Ni ke riƙe masa fitila da miƙa masa sifana. Da ya ga ina kallo da kyau sai ya fara bari in kwance kafireta in wanke, in canza buji, in saurari inji in faɗi abin da ke damunsa kafin a buɗe. Ban ɗauki abin a matsayin sana'a ba. A raina ni ɗan kasuwa ne da ƙaddara ta faɗa wa, wannan baƙin man da ke hannuna na ɗan lokaci ne.

Shekarar da na gudu ita ce shekarar da yunwa ta sake faɗa wa ƙasarmu. Ruwa ya ɗauke da wuri a 2004, fara ta bi wasu wurare, a 2005 hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. Jihar Maraɗi na cikin inda tamowa ta fi kama yara, har likitocin Médecins Sans Frontières suka cika cibiyoyinsu da su. Ni ina can ban aiko da ko dala ba. Dalilina, wanda a lokacin nake ganin hikima ce, shi ne in aka ji na aiko kuɗi masu bashi za su taru a ƙofar gidana.

Wajen ƙarshen shekarar wani mutumin Tsibiri ya iso Sabha da kaset da aka ba shi ya kawo mini. Lokacin haka ake aika saƙo in ba a iya rubutu ba. Na ari rediyo na shiga bayan ɗakin inji na kunna. Muryar maiɗakina ce. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar ba komai, ta ce yaro na nan lafiya ya shiga makarantar allo, ta ce hannun auta ya warke amma ba ya miƙewa. Sai ta yi shiru, ina jin kukan akuya a bayanta. Ta ce: "Malam, sai haƙuri. Yarinya Allah ya karɓi abinsa tun cikin damina. Mun kai ta likita amma an ce mun makara." Shekararta biyu. Na jira in ji muryar Inna, har kaset ɗin ya ƙare ba ta yi magana ba.

Kowa zai ce ai daga nan sai ka kama hanyar gida. Ban kama ba. Na ƙara shekara biyar da rabi. Na yi wa kaina rantsuwa cewa ba zan taka Maraɗi ba sai da kuɗin mutane cif, in shiga da rana tsaka in bi gida-gida ina biya, a ce wane ya dawo da mutuncinsa. Yanzu da na tsufa na gane girman kai ne na sa wa rigar tuba. Ba hakkin mutane ne ya fi damuna ba, yadda za su kalle ni ne. Na fara aiko wa gida ɗan abin cefane a ɓoye, sauran ina ɗinkewa cikin wata tsohuwar jaka. Zuwa farkon 2011 na tara abin da ya kai rabin bashin.

A watan Fabrairu rikici ya ɓarke a Libiya. Baƙar fata ya zama abin zargi, ana cewa mu sojojin haya ne. Maigonar ya ce ba zai iya kare mu ba. Muka hau mota mu fiye da ɗari muka nufo kudu. Kafin mu kai iyaka wasu masu bindiga suka tare mu, suka sauke kowa, suka farke jakunkuna har da ɗinkin wando. Shekara shida na tara, cikin minti goma aka kwashe. Na iso Dirku da rigar da ke jikina, aka rubuta sunayenmu, aka ba mu abinci. Na shigo Maraɗi cikin watan Mayu, na zauna a tasha har bayan isha'i don kada a gan ni. Yadda na fita a ɓoye haka na dawo a ɓoye, an gudu ba a tsira ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta saba kallona ido cikin ido ba. Daren nan na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta amsa kamar jiya muka rabu. Ta sa aka kawo mini hura. Sai da na sha ta ce, tana kallon bango: "A gaya wa wancan, gonar tudu da ubansa ya bari na sayar, da awakina, na biya matan asusu. Sauran mutane suna nan suna jiransa. In gobe zai sake tafiya, ya tafi tun yanzu kafin yaronsa ya farka ya gan shi." Matan asusu ba sa cikin 23 ɗin da ke littafina. Wannan Inna ce ta biya, kuma har ta rasu ba ta yarda na mayar mata ba.

Da safe na tafi wurin Alhaji. Tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba, na yi ta kamar mai zuwa kabarinsa. Na same shi a zaure, ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo. Na zube na ce: "Baba Alhaji, ni ne." Ya ce ya gane muryar. Na fara ba da labarin wuta, ya ɗaga hannu.

"Wuta ta Allah ce, yaro. Aya fa? Ina ayar da ka ce za ka saya?"

Na ce ƙarya na yi.

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce: "Da ka zo washegarin gobarar ka faɗi wannan kalmar, da na tara mutanen nan a zauren nan na tsaya maka, kowa ya yi haƙuri, ka koma kan wakenka. Shekara uku ta ishe ka. Ka je ka yi shida ka dawo da me?" Na ce ba komai. Ya ce ba zai yafe mini kuɗinsa ba, kuma ba zai ƙara mini ko dala ba, amma shi ne na ƙarshe da zan biya. Ya aiki jikansa ya sayo littafin nan mai shuɗin bango. Ya ce in rubuta kowa da kowa, in bi su ɗaya-ɗaya da ƙafata, in faɗa wa kowane nawa yake bi na kafin shi ya faɗa, kuma kada in yi wa kowa alkawarin rana.

Kwana tara na yi ina zagayen. Wani ya zage ni ta uwa ta uba a gaban 'ya'yansa, na tsaya har ya gama. Wani ya kai ni gaban mai unguwa, aka zauna, aka rubuta cewa zan riƙa kawo abin da ya samu duk wata. Maƙwabcin da ɗakinsa ya ƙone ya ce shi ya bar wa Allah tuntuni, na ce duk da haka zan rubuta. Wadda ta fi karya mini zuciya mai ƙosai ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an ɗaura auren 'yarta da gadon aro, dangin miji suka yi ta yi mata gori har auren ya mutu. Ta ce: "Ɗan nan, kuɗin za ka iya biya." Ta ci gaba da juya ƙosanta. Abin da na lura da shi a zagayen nan, kusan kowa ya fi jin haushin tafiyar da na yi ba sallama a kan kuɗin. Mutum ɗaya ne ban samu ba, tsoho mai shayi. An ce ya koma ƙauyensu wajen Dakwaro, ba wanda ya san sunan ƙauyen.

Na karɓi babur ɗin wani na shiga kabu-kabu, kullum in kai masa jika biyu, abin da ya ragu a raba tsakanin tukunya da littafi. Ina ɗan shekara 38, mutumin da ya taɓa loda mota zuwa Kano, yara na kirana da tafi. Wata rana na ɗauko wani da na taɓa ba dako, ya gane ni, muka yi tafiyar ba wanda ya ce uffan. Shekara ɗaya da 'yan watanni ina wannan, sai wata mota ta buge ni a kan kwalta ta karya mini ƙafa. Maɗori ya ɗaura mini karare, na kwanta wata uku. A nan ne na fara tunanin ko dai ni ba mai rabo ba ne.

Ina zaune a ƙofar gida da sanda, wani maƙwabci mai lambu a Jiratawa ya wuce da injin ban-ruwa a bayan keke, yana ƙorafin ya kai shi wurin masu gyaran babur sau biyu bai tashi ba, zogalensa na bushewa. Na ce ya aje in gani, don kawai in rage zaman banza. Na ja igiya sau biyu na saurara, na kwance kafireta da wuƙa da wata tsohuwar sifana, na ga ƙasa ce ta toshe hanyar mai. Kafin la'asar inji na zuba ruwa a kwata. Ya ba ni jika ɗaya da ɗaurin zogale. Bayan kwana uku ya dawo da mutum biyu, kowa da injinsa.

Ashe abincina na cikin baƙin man da na raina a Sabha. Duk fadamar Gulbin Maraɗi, daga Madarumfa har Tsibiri, da rani lambu ake yi, ruwa na kusa, ga ƙananan injuna ko'ina, masu gyaran da suka san su kuwa kaɗan ne. Manomi in injinsa ya tsaya kwana uku cikin zafin Afrilu ya yi asarar shekara, don haka ni nake bin su har cikin lambu da jakar kayan aiki, ba na jira su kawo. In mutum ba shi da kuɗi in gyara, ya biya in ya sayar da tumatir. Ni da na san ɗacin bashi ta ɓangaren mai ci, sai ga ni ina bin wasu. Da aiki ya yi yawa na kafa rumfa, na je na roƙi auta ya zo mu yi tare. Tun dawowata gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce da wane hannun? Na ce lissafi da sayen kayan gyara zai riƙe. Ya yi mako bai ba ni amsa ba, ran nan da safe na tarar da shi yana share rumfar da hannun hagu.

Mai ƙosai na fara biya, na gama da ita a 2014. A shekarar ne zinariya ta fito a Jado, can arewa cikin hamada, gari ya ɗauka, abokaina na Libiya suka zo har rumfa suna cewa wata uku ya ishe ni in share littafin nan gaba ɗaya. Wallahi na kwana biyu ban yi barci ba, zuciyar ruwa-ruwa ba ta mutu ba. Maiɗakina ce ta ce: "Malam, jika biyar da kake kai wa mutane duk wata suna ganin fuskarka. In ka tafi, ko da buhun zinariya za ka dawo, ni ba za ka same ni a gidan nan ba." Ita da ta zauna shekara shida ba ta nemi saki ba, na san ba wasa take ba. Haka kuma da aka samu zinariya a wajen Ɗan Isa, ɗaya daga cikin yaran da ke koyon aiki wurina ya aje sifana ya tafi duk da na hana shi. Da rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutum aƙalla 18, na kwana ina kiran wayarsa. Ya tsira, ya dawo, ban yi masa faɗa ba, don ba ni da bakin yi.

Aikin ma bai tafi sumul ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 kayan gyara suka yi wuya, muka koma kwance matattun injuna muna cire abin da ke da rai. A 2023 aka janye tallafin mai a can, bayan juyin mulkin da aka yi a nan ranar 26 ga Yuli kuma aka sake rufe iyaka aka yanke mana lantarki. Mai ya yi tsada, manoma da dama suka fara komawa fanfo mai aiki da hasken rana, abin da ban san kansa ba. Ɗan nan nawa da na gudu na bari yana shekara biyar, wanda ya yi karatun lantarki, shi ya zaunar da ni yana koya mini yadda ake haɗa faranti da auna wuta. Ina da shekara 50 na koma ɗan koyo a hannun ɗan cikina, in na yi kuskure ya ce "Baba, ba haka ba," yara na ɓoye dariya.

Alhaji ya rasu a 2018, saura jika 600 tsakaninmu. Na ci gaba da kai wa magadansa har na cika a 2022, babban ɗansa ya sa hannu a littafin. Suna ɗaya ya rage ba layi a kansa.

A 2024 na je kafa fanfo a wani ƙauye arewa da Dakwaro. Kamar yadda na saba duk inda na je yankin, na tambaya ko an san wani tsoho da ya taɓa sayar da shayi a tashar Maraɗi, mai tsagar Gobirawa, yana ɗan ɗingishi. Wani dattijo ya ce ai ya rasu shekara goma da suka wuce, amma 'yarsa na aure a ƙauyen gaba. Na hau babur na je. Na same ta tana sussuka, na yi sallama, aka kira mijinta da limamin garin. Na ce mahaifinta na bi na jika 85 tun 2004. Ta ce bai taɓa faɗa wa kowa ba. Liman ya ce tunda akwai wasu magada biyu a raba yadda shari'a ta ce, na ƙirga a gabansa. Matar ta riƙe kuɗin tana juya su, sai ta tambaye ni yadda babanta yake a birni, don ita tana ƙarama ya tafi. Na ce mata yana yawan sa sukari, kuma almajiri bai taɓa tsayawa a teburinsa ya tafi ba burodi ba. Ta rufe fuska da gyale.

Da na dawo gareji magariba ta kusa, yara sun tashi, auta kaɗai ya rage yana haɗa lissafin ranar. Na ciro littafin na ja layin ƙarshe na tura masa. Ya buɗe shi da hannun hagu yana bin sunayen har ƙasa, ya juya shafi na gaba ya ga ba komai. Na ce masa akwai sunan da ban rubuta ba, don ban san nawa zan sa a gabansa ba. Ya rufe littafin ya mayar cikin akwati. Ya ce: "Yaya, mutumin Jiratawa ya kira, tiyonsa ya fashe, ya ce ka zo tun da sassafe."